Amin ɗin Mutanen Maraɗi

Zuwa ga sanyin idona, fitilar unguwar Hindawiyya da aka ɗauke aka kai wa Amurka aro, Manal 'yar Ammi Wada.

Assalamu alaikum, ya ke ruwan saman Makka, wanda ba ya zuwa kullum, amma ranar da ya sauko har tsofaffi sai sun fito sun tara masa fuska. Ya furen Ɗa'if, ya inuwar la'asar a lungun Tandabawi. Ina gaishe ki gaisuwar wanda ya rame, ina kuma sanar da ke ramar ba ta yi mini kyau ba.

Kada ki yi mamakin ganin Hausa. Na san ni da ke mun fi sakewa da Larabci. Hausar nan ta kakata ce, ta Kano, da ita aka yi mini faɗa ina yaro, ban taɓa gwada yin soyayya da ita ba. Amma an ce mini ma'aikatan can suna karɓar wayar mutum su bi saƙonninsa ɗaya bayan ɗaya, kuma da sun ga rubutu ya taso daga dama sai gabansu ya faɗi. To su zo su karanta wannan. Duk jami'in da ya wahala ya nemo tafinta, ina gaishe shi da aiki, ya kuma sani yarinyar nan ba ta da laifin komai sai na hana wani bawan Allah cin abinci a Makka.

Saƙonki ya iso, habibti, masoyiyata, na karanta shi har wayar ta ɗauki zafi. Kin ce bizar da kika shiga da ita ta ƙare. Zamanki halal ne muddin kina karatu, amma in kika sa ƙafa waje babu komawa, domin Chadi, ƙasar da ke rubuce a fasfonki, tana cikin waɗanda aka rufe wa ƙofa. Kin ce milkarmu, ɗaurin auren da iyaye suka sa bayan Hajji, tana matsowa, karatun haɗa magungunan kuma da saura shekara da wani abu. Kin rantse ba za a ɗaura miki aure ta waya ba kamar ana odar abinci. Sai kika rufe da cewa in yanke, duk abin da na ce shi za ki yi: ko ki zo ki bar karatun, ko ki zauna. Ni? Ni Abdulganiyyu, da ko a gaban mai ful, dafaffen waken karin kumallo, sai na tare layi ina shawara tsakanin man zaitun da man shanu?

Kin manta wanda kike magana da shi ne? Ki tuna ranar shaufa, ranar da aka kawo ni falon gidanku in gan ki, ki gan ni. Kika shigo da faranti, idonki a ƙasa. Ni da nake muɗawwifi, nake jan alhazai a ɗawafi ina faɗin addu'a suna maimaitawa, ni da muryata ke ratsa cunkoson Ramadan, na nemi sallama a bakina na rasa. Na karɓi lemon mangwaro, na fuskanci alƙibla, na karanta masa addu'ar shan zamzam tun daga farko har ƙarshe. Mahaifinki Ammi Wada ya ce amin don kada in ji kunya. Ke kuwa kika juya da sauri, kafaɗunki suna rawa. Wallahi tun daga wannan dariyar da kika ɓoye ban sake zama mutumin kaina ba. Wannan ne mutumin da kika ɗora wa hukunci.

Tun da kika tafi na zama malamin siyasar Amurka, ba don ina so ba. Na san alƙalin da ya dakatar da doka, na san wanda ya dakatar da dakatarwar. Na san jihohin da jami'an shige da fice ke yawo fuska a rufe, da waɗanda masu gari ke cewa ba da yawunsu ba. Ranar da aka ce gwamnatinsu ta rufe saboda 'yan majalisa sun kasa shiryawa, Ummi mahaifiyata ta tambaye ni ko rufewar salla ce irin ta shagunanmu, in haka ne ai alhamdulillahi sun fara shiryuwa. Yanzu ko tantabarun Harami na gani sun tashi, sai in ji haushinsu, su da ba wanda ke tambayarsu biza.

Kullum bayan magariba ina gaban shagon tsiren mahaifinki, inda majalisa ke zama. Ki zo ki ga yadda ake raba duniya a kan benci biyu. Wani ya ce Amurka ta tattara jiragen yaƙinta ta koma gida ta ji da kanta. Wani ya ce to ta koma, amma ta bar maganin da take ba talakawan Afirka. Wani ya ce ai su ma can rigimar da suke yi ke nan, rabi na cewa gidanmu tukuna, rabi na cewa duniya duk gidanmu ce. Abokina Bandar direban tasi shi ne mai zafin kai a cikinsu. Ya ce ƙasa ba ta zama ba katanga, duk wanda ba shi da takarda a tattara shi. Na tuna masa kakansa da ƙafa ya taho daga Haɗeja, ya ratso Sudan, ba shi da komai sai gora da sanda, kuma ba wanda ya buga masa hatimi. Ya ce wannan daban, wannan don Allah aka yi, wa ya taɓa tafiya Amurka don Allah? Mahaifinki dai yana bakin murhu. Yana juya tsire yana barbaɗa yaji, kunnensa yana wurinmu.

A nan ne, ya abar ƙaunata, shaiɗan ya same ni a zaune. Bandar yana cikin bayani ya ce ai in jami'an Amurka suka kama mutum, jirgi suke sa shi su kai shi gida. Ban ji sauran maganar ba. Na ce a raina, ashe akwai hanya ta uku. In su suka dawo da ke, ban ce ki bar karatu ba, ke ma ba ki ce kin bari ba. Laifin na Amurka ne, ita kuwa ta saba ɗauka. Ni kaɗai ne a duk faɗin Makka na koma gida ran nan ina yi wa masu korar baƙi fatan alheri.

Kin san aikina. Ina gaba, alhazai suna baya, in faɗi su maimaita, yawancinsu ba su san ma'anar ba, sun dai amince da ni. To, a tsakiyar ɗawafi, da muryar nan tawa mai karya zuciya, na fara saka wata addu'a da Larabci tsantsa: ya Allah ka nuna wa jami'an Amurka inda Manal take, ya Allah ka sa su ɗora ta a jirgi, ya Allah kada ka ba su ikon yin jinkiri. Mutanen Agadas suka maimaita, suka koma gida. Mutanen Kumasi suka maimaita, har da ɗaga hannu. Sai aka ba ni 'yan Umara daga ƙauyukan Maraɗi, su kam har kuka suka yi.

Ban san a cikinsu akwai Hajiya Sa'adatu ba, wata tsohuwa 'yar ƙarama mai lema, wadda ta yi rayuwarta tana koyar da Larabci a makarantar 'yan mata. Muna gama sa'ayi a Marwa na ji bakin lema a haƙarƙarina. Ta tambaye ni wace ce Manal, kuma a wane littafi na samo wannan addu'ar, domin ita ta tsufa a cikin littattafai ba ta gamu da ita ba. Na so in yi mata malanta, ta ƙara danna lemar. Na zayyane mata komai. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambaye ni fasfon wace ƙasa kike riƙe da shi. Na ce na Chadi, amma takarda ce kawai, a Hindawiyya aka haife ki, a nan aka haifi mahaifiyarki, ko da ido a rufe kin san hanyar Harami.

Ta ce, "Ɗana, su ba su san Hindawiyya ba. Inda fasfo ya ce, can suke sauke mutum. Kuma kafin jirgi akwai ɗaki mai ƙofar ƙarfe."

Ta ce ta sani ne saboda jikan yayarta ya kwana a irin ɗakin, ya daɗe, uwarsa ba ta san garin da yake ba.

Manal, ina tsaye a zafin Makka na ji sanyi ya shige ni har ƙashi. Ban taɓa kawo wannan a raina ba, wallahi ban taɓa ba. Ta yaya zan tuna ke baƙuwa ce, alhali ni ban san Makka ba tare da ke ba? Na hango ki a filin jirgin Njamena da jaka ɗaya, garin da ba ki taɓa gani ba sai a hoton bangon ofishin jakadanci a Jidda, garin da ba ki da kowa sai wata gwaggo da ta rasu tun kina goye. Na hango hannun nan da ya miƙo mini lemo a cikin ankwa. Kuma ni na roƙa! A gaban Ɗakin Allah, da bakin bayin Allah masu zuciya wankakkiya, waɗanda suka sayar da awakinsu suka zo. Ina zan bi in karɓo amin ɗin mutanen Kumasi?

Hajiya ba ta bar ni na suma cikin mutunci ba. Ta tara mutanenta, ta fassara musu da Hausa abin da suka roƙa, kalma bayan kalma. Mata suka rufe baki da mayafi. Wani dattijo ya ce shi a wannan gaɓar ya fi yin kuka, ya ɗauka maganar kabari ake yi. Suka yanke hukunci a take: a koma ɗawafi, Hajiya a gaba, ni a can baya cikin masu maimaitawa. Kafin mu fara ta ce mini wannan karon ba abin da nake so za a roƙa ba, abin da yarinyar ke roƙa wa kanta za a roƙa, in faɗa mata mene ne.

Na buɗe baki zan ce ban sani ba, sai na tarar na sani. Na san yadda muryarki ke canjawa in kina ba ni labarin ɗakin gwaje-gwaje, kina kiran sunayen magunguna masu tsawo kamar sunayen 'ya'yanki. Na san tun kina ƙarama ke kike jera wa Ammi ƙwayoyinsa na hawan jini, kina yi masa faɗa in ya tsallake. Na san da zuwa kike so, da ba ki tambaye ni ba, da sai dai in ji ki a Jidda kina cewa in zo in ɗauke ki. Kin tambaye ni ne don kina tsoron in kin zauna za ki rasa ni. Na faɗa wa Hajiya. Ta ɗaga murya, Maraɗi ta amsa, ni ma na amsa a baya, ina kuka irin na jaririn da aka yaye. Na Agadas da na Kumasi kuwa na bar wa Allah, Shi ya san wawan bawansa tun kafin ya halicce shi.

Jiya na je wurin Ammi Wada kafin majalisa ta taru. Na durƙusa gefen murhu na roƙe shi a ɗaga milka har ki gama. Ya daɗe yana kallon garwashi, tsire yana ƙonewa bai juya ba. Sannan ya ce, "Da ka ce ta zo, da na ba ka ita, don na yi alkawari. Amma da ban ƙara cin abinci kwano ɗaya da kai ba." Ya naɗe mini tsiren da ya ƙone ya ce in ci, shi ya dace da ni. Na cinye.

To ga hukuncina, ya rabin raina, kuma ki karanta da sauri kafin in janye. Kada ki zo. Ki zauna ki gama. Ina son ki, ina kewarki har ina jin ta a haƙorana, kuma ina cewa kada ki zo. Ki riƙa yawo da takardunki ko shago za ki. In suka ce za su canja doka gobe, su canja. In suka ce sai jibi, Allah ya kai mu. Su yi ta rigimarsu a majalisa da kotu. Ba su da wata doka da ta hana mutum jira.

Yau da azahar na zaga shagunan unguwar Rusaifa ina neman rigar sanyi mai kauri, irin ta ƙasar ƙanƙara. Masu shago suna kallona suna kallon rana. Da ƙyar wani ya tono ɗaya daga ƙasan kwali. Na saka ta a kan jallabiyata don in gwada, na tsaya a bakin titi har na ga duhu-duhu, na tabbatar tana aiki. Zan ba wani alhaji mai komawa garinku ya kawo miki. Ta yi miki yawa, na sani, kuma launinta ba zai burge ki ba. Amma ki saka ta, habibti. Da hannuna na zaɓa miki rigar hunturun da za ki yi ba tare da ni ba, kuma na zaɓi mai ƙarko, ko da za a yi hunturu biyu.

Naki, wanda ba zai duba wata ba, ko sun buɗe ƙofa ko sun ƙara mata kwaɗo,

Abdulganiyyu
Tandabawi, Makka