Kwalbar Inna a Gindin Aduwa

Zuwa ga Yaya Abdulmumin,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka Rahina da yara. Yaya jikin Inna? Allah ya ƙara mata sauƙi.

Na rubuto ne tunda ka daina ɗaukar wayata, kuma na san dalili, Rahina ta gaya mini komai. Haba Yaya! Ƙullutun da aka ciro daga nonon Inna, lokotoro, wato likitan da ya yi mata aiki, ya sa maka shi a kwalba, ya ce ka kawo mana labo, ɗakin gwaji inda nake aiki a nan Damagaram, a duba ko ciwon daji ne. Kai kuma ka naɗe kwalbar a farin ƙyalle, ka tara dattawan Dakusa kuka binne ta a gindin aduwa, wai ba a yawo da naman musulmi a tasha. Wallahi da na ji sai da na zauna ƙasa.

Ba addini na raina ba, malami ɗaya ya karantar da mu. Amma kullum naman mutanen da ban sani ba nake gyarawa, ga na uwata a rami! In babu shi, ba mai sanin abin da ke jikinta. Don Allah ka tono kwalbar ka ba direban da ya kawo maka wasiƙar nan. Allah ya sa dai ba ka zubar da ruwan ciki ba.

Ƙanwarka,
Sa'a

Zuwa ga Yaya Abdulmumin,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka, a yi wa Inna sannu da jiki.

Kwalba ta iso, har da ƙasa a murfinta. Ashe kunyar ganin naman Inna ce ta hana ka buɗewa. Kunyar nan ta yi mana rana, don ruwan, formol muke ce masa, shi ya hana naman ruɓewa.

Sai kuma saƙonka, wai in leƙa yau in maido maka gobe cif yadda yake, ka mai da shi rami. Yaya, goro ne da za a juya a mayar? Sai na gutsuro wajen da ake zargi, na tsane ruwansa da sinadarin alkol, na zuba masa narkakken kaki ya daskare. Sannan in yanka da inji, siriri fiye da ɓawon albasa, in shimfiɗa a gilashi, in rina shi ja da shuɗi, lokotoro ya duba a madubin ƙara girman abu. Ga wuta ta ɗauke ina tsakar aiki, kakin ya sandare tun ban gama ba, sai da na sake narkawa.

Ka ƙyale ni haka nan, kaina ciwo yake.

Ƙanwarka,
Sa'a

Zuwa ga Yaya Abdulmumin,

Assalamu alaikum. Da fatan kun tashi lafiya. Ka karanta wannan kai kaɗai, ni zan gaya wa Inna da bakina.

Lokotoro Mahamud na labonmu ya duba. Ciwon daji ne. Ya kira ni na leƙa, na ga naman uwata da rinin da na sa masa da hannuna, na fita bayan labo na yi kukana. Amma ya ce da sauran dama, in an fara magani yanzu.

Na ji har ka sa an share gindin aduwar kana jiran ragowar. Abin da ke cikin kakin nan labo zai zauna, don ana iya sake dubawa, kada ka ƙara tambayata. Kuma kada ka ce sai an gama yankan hatsi, ko sai dattawa sun yi shawara. Na gaji, Yaya. Na san don girmama ta ka yi, ban taɓa shakka ba. To ka girmama ta tana da rai. Guntunta kuka binne na sa aka tono. In kuka binne sauran, ba ni da yadda zan yi.

Ka sako Inna a motar farko. Ina tasha ina jira.

Ƙanwarka,
Sa'a