Babban Yatsan Magini

Zuwa ga Uwata,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da aikin jinyarki. An yi mini aikin muƙamuƙin. Likitan ya ƙwaƙule ƙarin da ya cinye ƙashin, ya cika ramin da wani garin ƙashi, ya lulluɓe da wani tantani mai kama da takarda, ya ɗinke dasashi a kai. Wai sai na jira wata shida.

Shekara arba'in ina gini, ban taɓa ganin simintin da ya kwana uku bai kama ba. Kullum da safe sai na danna wurin da babban yatsa, yadda nake gwada daɓe, har yau lagwaf-lagwaf yake. Aikin nan ha'inci ne. Ranar Litinin zan je ya cire mini takardarsa.

Ki gaida maigidanki.
Mahaifinki.

Zuwa ga Baba,

Gaisuwa mai yawa da ladabi. Baba, don Allah ka cire hannunka daga bakinka. Wasiƙarka ta tsorata ni.

Nama ya fi ƙashi saurin tsirowa. In babu tantanin nan, naman dasashi zai riga ƙashi shiga ramin, ya cike shi. Katakon da kake kafawa don kada ƙasa ta zubo cikin kankare, shi ne aikinsa. Kai za ka bar wani ya riƙa taka maka sabon daɓe kowace safiya? Da tsiya za ku rabu.

In tantanin ya yage, daga ƙugunka za a yanko ƙashi a cike gurbin. Ka san daga nan kai da hawa tsani sai kallo.

Allah Ya ƙara lafiya.
'Yarka.

Uwata,

Ina gaishe ki. Wasiƙarki ta makara da kwana biyu, ɗinkin ya riga ya buɗe, gefen tantanin ya leƙo. Likita ya duba, ya tambaye ni me nake yi wa wurin. Na faɗa masa, na kuma ji kunya.

Ya ce mai danna rauni ba ya dainawa, gara kawai a yanko na ƙugu. Na ce ƙuguna ba da shi ba, ina da bene hawa biyu da ban rufe ba. Muka yi ta ja. Na ce masa, "Ɗana, datse inda ya fito, ka sake ɗinkewa. In ka ƙara ganin sawun yatsana, yanke yatsan." Ya yi dariya, ya yarda, amma sau ɗaya tak.

Mahaifiyarki ta naɗe mini yatsan da tsumma. Leburori suna ta tambayata ko guduma ce ta buge ni.

Mahaifinki.

Uwata,

Gaisuwa. Wata shida sun cika jiya. An ɗauki hoto, ƙashi ya cike ramin, ƙuguna ya tsira. Likita ya ce, "To Baba, yanzu danna ka ji."

Na ce masa ya danna da kansa, aikinsa ne.

Mahaifinki.