Ki Koya wa Kawu Tsara Kwangila

'Yata,

Ina gaisuwa. Ya jikin babarki? Ni lafiya lau, sai ƙafa, don gadin kamfani babu zama.

Na ji kin zama lauyar kamfani, Allah ya sa albarka. Inda nake gadin ma suna neman lauya, na gwada sa'ata. Na zuba musu dokoki kamar yadda na saba a kotu lokacin da nake aikin lauya, sai manajan ya ce, "Baba, mu so muke kada a kai mu kotun ma." Sun ce in dawo in tsara kwangila a kwamfuta, kuma ban iya ba. Da furfurar nan, ba za a sake kirana wani wuri ba.

Don Allah ki bugo ki koya mini. Kada babarki ta ji, har yanzu Barista take ce mini.

Kawunki