Marufin Inji Na Tara

Zuwa ga ƙanina Auta,

Gaisuwa mai yawa gare ka da iyali. Ka yi haƙuri da rubutun, ka san na hagu ne.

Jiya 'yarka ta ja ni tsohuwar masaƙarmu, wai in ga yadda aka mayar da ita gidan zane-zane da wasanni. Auta, ƙofar da ake lalube mana aljihu kafin mu fita, yanzu sai da tikiti ake shigarta. A ɗakin rini, inda wari ke hana mu cin abinci, an jera kujeru, 'yan gayu na kurɓar shayi. Wani mai gashi buzu-buzu ya rataya tsummokara a bango, mutane sun tsaya suna gyaɗa kai kamar ƙadangaru. Har ƙarar injuna suke sakawa a lasifika, amma a hankali, kada ta dami kowa.

Duk wannan dariya ya ba ni. Abin da ya ƙona min rai inji na tara ne. Sun goge shi yana ƙyalli, an ɗaura masa marufin ƙarfe a kan bel. Wata yarinya mai zagayawa da baƙi ta maƙale murya tana bayani, wai marufin nan shi ke kare hannun ma'aikata. Na ɗaga mata damata na ce ta ƙirga. Ta ga yatsu biyu, ta ce, "Sannu Baba," ta ja jama'arta suka yi gaba.

Kai ne makanikin sashenmu. Kai ka shaida wa kwamitin bincike cewa tsirara injin ya zo, babu marufi. Ka zo mu je wurin shugabar gidan ka maimaita, su cire ƙaryar nan. Yatsu sun tafi, amma ba zan yarda a ce gangancina ne ya ci su ba.

Ka huta lafiya.
Yayanka.

*

Yaya,

Ina gaishe ka cikin girmamawa, da fatan kowa yana lafiya.

Na karanta. Shawarata ka rabu da su. Yaran da ba su taɓa shaƙar ƙurar auduga ba, me za su gane? Ko ka yi magana, hoto za su ɗauke ka su liƙa kusa da tsummokaran. Ni ban ga abin kallo a wurin masu shayin nan ba, ga shi bayana ya matsa min kwanan nan, ko mota ba na iya shiga. Shekara talatin da ɗaya ke nan, Yaya. A bar shi haka.

A gaida 'yata.
Ƙaninka, Auta.

*

Auta,

Ina gaisuwa. Allah ya sawwaƙe ciwon baya, in akwai shi.

Na koma ni kaɗai. Na tarar ana koya wa wasu matan manya rawa a ɗakin ajiyar zare, na ratsa su na wuce. Na durƙusa gaban injin, har wani ma'aikaci ya zo yana roƙona kada in taɓa kayan tarihi. Ni da na bar namana a ciki.

Marufin ba sabo ba ne. An buga masa lamba tara, ramukansa sun hau daidai. Kowane noti an ɗaure shi da waya, murɗa biyu, an lanƙwasa wutsiyarta ƙasa. Duk duniya mutum ɗaya na sani mai wannan ɗaurin, har hannun bokitin Inna haka ya ɗaure. Maigadi ya ce wani dattijo ne ya kawo shi cikin buhu kafin a buɗe wurin, ya durƙusa ya ɗaura da kansa. Bai ce ya ga alamar ciwon baya ba.

Ranar Litinin aka mayar da ni injin nan, Laraba ya ci hannuna. Ban taɓa ganin marufinsa ba. Ina yake duk shekarun nan?

Yayanka.

*

Yaya,

Ina gaishe ka, in za ka amsa.

Ƙarƙashin gadona yake. Manaja ne ya ce yana ɓata lokaci wajen canza bel, na kwance shi ranar Asabar. Ban san kai za a kawo ba. Da abin ya faru ya kira ni ofis, ya ce in na buɗe baki ni za a kora, ga matata da tsohon ciki. Na ɗauke marufin daga sito na ɓoye, na yi wa kwamiti ƙarya kana kwance a asibiti. Sau huɗu muna sauya gida, ina tafe da shi.

Da na ji za su buɗe wurin, na zaci in na mayar da shi mazauninsa zan samu sukuni. Ban samu ba. Na raina mutanen nan a wasiƙata, alhali ba wanda ya taka ginin nan da ya kai ni cancantar raini.

Duk abin da ka yanke, na ɗauka.
Ƙaninka, Auta.

*

Auta,

Na amsa gaisuwar.

Ba ka san ni za a kawo ba. Wato da ɗan wani ne, shi ke nan?

Asabar, ƙarfe goma, lokacin da baƙi suka fi cika. Ka zo da sifana. Za ka kwance shi a gabansu, ka faɗa musu abin da ka faɗa min, ni ina tsaye a gefe da hannuna a waje. Su ajiye shayinsu su ji.

Maganar yafiya kuwa, sai na ga notin ƙarshe ya faɗi ƙasa.

Yayanka.