Kujerar da Na Ajiye Maka a Titi

Cleveland, Talata, 7 ga Janairu

Zuwa ga aminina Clarence,

Yau Talata, kwanana arba'in da ɗaya a garin nan. Tarin ya yi sauƙi, gwiwar hagu ce ta ƙi, hannuna kuma yana rawa, sai ka yi haƙuri da rubutun. Ina fatan kana lafiya, kai da matarka Loretta, da fatan ciwon sukarin bai tashi ba, don na san ka da satar kek idan ta juya baya.

Ka tambaye ni a katinka yadda garin yake. Ka tuna bayan rasuwar matata Dolores, da 'yata Joanne ta ce ba zan ci gaba da zama ni kaɗai ba, na rantse ba zan zauna a garin da ba Chicago ba. Sai ta zo da takarda, ta karanto mini garuruwan da wai suka fi kama da namu: Milwaukee, Buffalo, Detroit, Toronto ta Kanada, da Cleveland inda take aure. Ta ce, "Baba, Cleveland ai ƙanwar Chicago ce. Ga tafki, ga sanyi, ga cocin mutanen Poland, har jirgin cikin gari Jan Layi ake ce masa kamar namu. Ba za ka ma san ka tashi ba."

Ba ta yi ƙarya ba. Gidajen jan bulo ne irin namu, da hayaƙin masana'antar ƙarfe, da iskar nan mai yankan kunne. Abu ɗaya ta manta ba ta faɗa mini ba: tafkinsu a arewa yake.

Kai ne kaɗai za ka gane nauyin wannan magana. Shekara talatin da huɗu muka yi muna raba wasiƙu a kudancin Chicago, ko sau ɗaya ban buɗe taswira ba. Tafki gabas ne. In ka fuskance shi, lambobin tituna suna ƙaruwa ta hannun dama. Ba kaina ne ya haddace wannan ba, ƙafafuna ne. To a nan ma titunan masu lamba tafki suke nufa, sak irin namu, amma a unguwar Joanne ta hannun hagu lambobin suke ƙaruwa.

Ran Juma'a na fita sayen kan sarki a wani shago da ke titi na 103. Gidanmu yana na 110. Da na fito, na ji iskar tafki a fuskata, na karya dama, kaina a sunkuye saboda santsi. Da na ɗaga ido sai na gan ni a titi na 85, gaban wani coci da ban taɓa gani ba. Clarence, a nan komai ya goge. Lambar gidan ta gudu, sunan mijin Joanne ya gudu. Na zauna a matakalar wani gida.

Ka san wa ya tsince ni? Wata mai raba wasiƙu, da jakarta a kafaɗa. Ta ce, "Kaka, ina za a kai ka?" A bayan ambulan da ke aljihuna ta karanta adireshin. A hanya na gaya mata aikin da na yi, ta yi dariya ta ce, "To yau kai ne saƙon, riƙe hannuna kada ka faɗi." Ta miƙa ni ga Joanne a bakin ƙofa.

Tun ranar, in na shiga kicin sai Joanne da mijinta Gary su yi shiru. Ina jin tsoro, mutumina. Ka rubuto. Kada ka buga waya, kunnena ba ya ji, kuma wayar a kicin take.

Ka gaida Loretta.

Naka har kullum,
Norbert

Cleveland, Alhamis, 16 ga Janairu

Aminina Clarence,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yau Alhamis, na tashi da jiri, amma na ci abinci. Yaya ƙafar Loretta? Yaya tsohuwar motarka, har yanzu sai an roƙe ta take tashi?

Ran Litinin an kai ni wurin likita. Yarinya ce ƙarama, mai kirki. Ta sa na zana agogo, na zana. Ta ba ni kalmomi uku in riƙe, na riƙe biyu. Na karanto mata manyan titunan kudancin Chicago a jere tun daga Roosevelt har titi na 95, ta ce madalla. Sai ta ce, "A wane gari muke yanzu?" Tagar ofishinta tafki take kallo, fari fat da ƙanƙara, ga tsuntsayen ruwa suna shawagi. Bakina ya ce Chicago. Nan take na gyara, wallahi nan take, amma na ga ta riga ta rubuta wani abu.

Daga can Joanne ta biya da ni wani gidan tsofaffi, wai mu duba kawai. Wuri ne mai tsabta, ba zan yi musu sharri ba. Amma ɓangaren da aka nuna mini, ƙofarsa ba ta buɗuwa sai an danna lambobi, kuma mazauna ciki ba a gaya musu lambobin. Na ga wani dattijo zaune a bakin ƙofar da kwat da hula, an ce kullum haka yake, yana jiran motar da za ta kai shi wurin aiki. Ya dube ni ya matsa mini wuri a bencin.

A mota Joanne ta ce, "Baba, ba na so. Amma ni da Gary duk muna fita aiki. In ka sake ɓata, a wannan sanyin gawarka za a kawo mini." Na ce ba za a sake ba. Ta ce, "To, in aka sake fa?"

Na yi ta tunani a kan takardar nan tata ta garuruwa. Da Arizona aka kai ni, cikin rairayi da rana, kowace safiya zan buɗe ido in san ni baƙo ne, in yi hattara. Wannan garin kuwa kayan garinmu ya sa. Yana yi mini murmushi da fuskar wanda na sani, sai na saki jiki ya juya mini hanya. Ban ce kaina garau yake ba. Amma a gida, ko kai ya manta, ƙafa za ta kai ni.

Ga roƙona, kuma ka san ban taɓa roƙonka komai ba sai taba. Ɗakin ƙasa na gidanka babu kowa tun da ɗan hayarka ya tashi, ka bar ni in zauna a ciki. Ka zo ka yi wa Joanne magana. Tana jin maganarka, har gobe Kawu Clarence take ce maka, ba ta manta wanda ya koya mata hawan keke ba. Ka gaya mata a titinku na 79 ba zan ɓata ba ko an ɗaure mini ido. Ba ni da ci da yawa, kuma na daina minshari, ko dai babu mai gaya mini yanzu.

Ina jiran amsarka.

Naka,
Norbert

Cleveland, Asabar, 25 ga Janairu

Clarence,

Yau Asabar. Bayana kamar an daka, ƙirjina yana zafi in na ja numfashi, kuma ni na jawo wa kaina. Ina fatan kuna lafiya. Wannan ba za ta shiga akwatin gidan waya ba, gobe zan damƙa maka ita hannu da hannu, don akwai abin da ba zan iya faɗa da baki ba.

Wasiƙarka ta iso ran Laraba. Na karanta ta har ta fara yagewa a lanƙwasa. "Ina zuwa ran Lahadi, tsohon banza, ka haɗa kayanka, kuma kada ka ɓata kafin in iso." Na yi dariya har Gary ya leƙo ya ga ko lafiya.

Jiya ƙanƙara ta zuba har gwiwa. Da safen nan, suna can kasuwa, na tuna tafiyar awa shida za ka yi, ka iso ba wurin ajiye mota. Na ɗauki shebur na fita. Awa biyu na yi ina haƙa ina hutawa, har na share wuri daidai tsawon motarka a gaban gida. Sannan na ɗauko koriyar kujerar kicin na dasa a tsakiya, yadda muke yi tun muna samari. Wanda ya share wuri ya sa kujera, wurin nasa ne, ko ɗan daba ba ya taɓa ta. Ka tuna shekarar babbar ƙanƙara da ka rasa kujera ka sa teburin guga, Loretta ta yi sati ba ta yi maka magana ba? Na ce a raina, ko ka manta lambar gida, da ka hango kujera ka san ɗan Chicago yana ciki.

Ban koma ciki ba sai ga motar share titi ta tsaya tana ta hon. Maƙwabciya ta fito da waya a hannu. Ana cikin haka su Joanne suka dawo. Gary ya ce, "Haba Baba, nan ba a haka. Ga wurin ajiye mota a gefen gida, yana ɗaukar mota uku." Ya ɗauke kujerar. Mutumin kirki ne, bai ɗaga murya ba.

Joanne kuwa ta san kujerar. Tana 'yar shekara bakwai ita nake aika ta fitar da ita. Shi ya sa abin ya fi dukanta. Ta tsaya da ledar cefane a hannu, ta ce, "Baba, a ina kake zaton kake?" Na ce, "A Cleveland, titi na 110, kuma Kawunki nake yi wa tanadi." Ta yi ta kallona tana hawaye.

Ga abin da ban gaya mata ba. Ina cikin haƙa, gumi yana zuba, sai na ɗaga kai na ga gidan tsallake da jan bulonsa, na ce yau matar Banas ta makara ba ta share ƙofarta ba. Na kasa kunne ina jiran Dolores ta ƙwanƙwasa gilashin taga ta ce kofi ya yi. Na yi kamar minti goma a haka. Ina gida, Clarence, kuma rabona da farin ciki irin wannan tun kafin a kwantar da ita asibiti. Hon ɗin motar ne ya dawo da ni. Matar Banas, maƙwabciyarmu ta Chicago, ta shekara goma sha biyu a kabari.

Wannan ya fi ɓatan hanya ba ni tsoro, domin ban ji lokacin da na tafi ba. Garin ne ya yaudare ni, ko kaina ne? Ban sani ba. Watakila ko a titi na 79 haka za ta faru. Na ga bai kamata ka ɗauke ni ba tare da ka san wannan ba.

Joanne ta buga wa gidan tsofaffin nan waya. Jibi Litinin, ƙarfe goma na safe. Na roƙe ta ta jira ka, ta ce za ta saurare ka, in ka kawo magana mai kama hankali za ta soke. Saura kai.

Ka tuƙa a hankali.

Norbert

Cleveland, Lahadi, 26 ga Janairu

Aminina,

Yau Lahadi, rana ta kusa faɗuwa. Zazzaɓi ne a jikina kaɗan, ban gaya wa kowa ba. Ina fatan duk inda kake kana cikin ɗumi.

Tun bakwai na safe na yi aski na sa farar riga. Ko coci ban je ba, kada ka zo ba na nan. Na haɗa jakata na ajiye a bakin ƙofa: kaya kala uku, magunguna, hoton Dolores, da tsohuwar hular aiki. Joanne ta dafa naman da kake so. Na lissafa, in ka taso shida za ka iso sha biyu, in ka tsaya shan kofi da surutu da masu sayar da mai, ɗaya.

Ƙarfe biyu Joanne ta buga gidanka, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Ta sake da uku, ta sake da huɗu. Rediyo ya ce hanyar Indiana da za ka biyo ta yi muni. Na ce to ka tsaya a wani wuri ne. Sai kuma na ce Loretta fa, me ya hana ta ɗauka? Shekararka saba'in da tara, ni ne na taso ka a wannan yanayi. In wani abu ya same ka a hanya, ban san inda zan sa kaina ba.

Bari in gaya maka abin da Joanne ta yi. Bayan bugu na biyu, ta daɗe tsaye a bayana muna kallon titi. Sai ta shiga kicin ta ɗauko koriyar kujerar. Gary ya ce, "Joanne, maƙwabta fa." Ta ce, "Su kalla. Mahaifina ne ya share wurin, nasa ne." Ta fita ba ko kwat, ta dasa ta a tsakiya, ta danna ƙafafunta cikin ƙanƙara yadda na koya mata. Motoci suka riƙa kauce mata. Ba wanda ya taɓa.

Ba ta soke na gobe ba, ni ma ban sake roƙo ba. Ta ce ba sai na kwance jakar ba, ita za mu tafi da ita.

Adireshin wurin yana bayan takardar nan, Joanne ce ta rubuta. In ka zo, ka danna ƙararrawa, su za su buɗe maka. In ka tarar da ni a bencin bakin ƙofa da hula a kai, kada ka yi mini gardama a kan garin da muke. In kuma ban gane ka ba, ka zage ni yadda ka saba, zan gane.

Fitilun titi sun kama. Ƙanƙara ta fara taruwa a kan kujerar, wurin yana nan ba kowa. Ba ka zo ba, Clarence.

Ka gaida Loretta.

Naka har kullum,
Norbert Jasiek