Motar da Ke Kashe wa Gidan Maliki Ido

Hillar Gawo, ta Suki
Watan Safar, 1977

Zuwa ga mijina marar cefane, Usta Sodangi, a warshar gyaran mota ta Hasahisa.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da baƙin man da ke ƙarƙashin farcenka. Mu nan kalau, ana ta tsinkar auduga, gwiwata ce kawai ke gardama. Ka san ba na ɗaukar alƙalami sai ta ɓaci, ka karanta da haƙuri.

Ɗan kawunka Mahadi ya sayi arabiya, wato mota, hannun wani Hawaja, Baturen da ya gama aiki zai koma ƙasarsu. Ja ce, gajeriya, tsohuwa amma an shafe ta da mai kamar ni ranar Salla. Mutum biyu take ɗauka, buhun dawa ko ɗaya ba ta da wurinsa. Fuskarta babu fitila. Sai an taɓa wani abu, sannan idanu biyu su ɓullo daga hancinta kamar na kwaɗon tur'a, magudanar nan mai kai wa gonaki ruwa. Ranar da ya kawo ta aka yi karama, walimar godiya, aka yanka rago, mata suka tsoma tafi a jini suka manna mata. Dije, uwar mijin ƙanwarka Huseina, ta fi kowa rawar kai, har cikin tumbin motar sai da ta sa aka buɗe mata ta leƙa.

To ga inda ta ɓaci. Kullum da la'asar Mahadi yana bi ta ƙofar gidan Maliki, mijin Huseina. Da ya hau ɗan kubrin nan, gadar kan tur'a, daidai ƙofar, sai motar ta ɗaga idon dama ta mayar. Ɗaya tak, rana na sama. Ba ta yi a ƙofar masallaci, ba ta yi a ƙofata ni da nake da kyau. Ka san abin da ake nufi in namiji ya kashe wa matar aure ido. Mutanen hilla sun ce Mahadi ya samu ƙarfe mai yi masa.

Maliki yana Damazin kan tarakta, aikin girbi. Dije ta aika masa saƙo, kuma ta rantse a gaban mata wurin niƙa cewa ranar da ya dawo, ranar Huseina za ta kwashe kwanukanta. Ƙarshen wata yake tafe. Yarinyar ta daina zama bakin ƙofa tana tsince dawa, ta rame. Mahadi ya rantse mini ba hannunsa. Ni kuwa na zauna da kakanku, na san rantsuwar mazan gidanmu.

Dukansu jikokina ne, ban san wanda zan ja wa kunne ba. Ka gaya mini gaskiya: mota tana kashe ido don kanta?

Ka gaida maigidanka. Allah ya tsare.
Matarka ta fari, Haboba Ma'u

*

Hasahisa

Zuwa ga Haboba, Allah ya ƙara nisan kwana.

Assalamu alaikum. Takardarki ta iso hannun direban lori, na karanta raina a ɓace. Ba zan samu izinin zuwa ba kafin ƙarshen wata, don haka ke ce idona.

Na taɓa gyara irin motar. Kowane ido yana da ɗan injinsa a bayansa mai ɗaga shi ya sauke. Amma maɓalli ɗaya ne ke ba su umarni su biyun. In Mahadi ya taɓa shi, duka biyu za su tashi, kuma su kama wuta. Ido ɗaya ya tashi shi kaɗai, wannan abu biyu yake nufi. Ko dai waya ta lalace a wannan gefen, ko kuwa an ja wata waya daban an ɓoye mata maɓalli. Ba na so in faɗa, amma akwai samari a nan da suka zo na yi musu hakan don 'yan matan masaƙa, na kore su. Kuma Haboba, kin manta Mahadi ya so Huseina kafin Maliki? Ni ban manta ba.

Ki bincika mini uku. In idon ya tashi, da haske ko a mace? Yana yi in motar na tsaye? Sannan ki sa hannu ƙarƙashin sitiyari da gefen kujera, ki lalubo ko akwai wani ɗan maɓalli da bai yi kama da sauran ba, ko waya sabuwa mai sheƙi. Kada ya san abin da kike nema.

In kin same shi, kada ki ce komai. Zan zo ko da a bakin aikina, ni da shi ne.

Cefane kuwa, tsohuwa marar haƙora me za ta tauna? Ga shayi da sukari hannun direba. Ki gaida Huseina, ki ce ta ci abinci.

Jikanki, Sodangi

*

Hillar Gawo

Zuwa ga mai gida marar kunya.

Gaisuwa da godiya. Sukarin ya iso, ya yi kaɗan. Haƙorana huɗu, kuma duk suna jiranka.

Na yi aikinka. Na ce wa Mahadi carbina ya tsinke a cikin motar. Ya ce, "Haboba, yaushe kika shiga?" Na ce, "A mafarki, ba ni wuri." Na durƙusa na lalube ƙarƙashin sitiyari har na fito da ƙura a goshi. Babu maɓalli, babu sabuwar waya. Na samu dabino biyu da suka bushe da wani mataji na Hawaja.

Ban yarda ba tukuna. Da la'asar na ce ya kai ni kasuwa. Shiga wagga mota kamar shiga kabari ne, sai an kwanta. Da muka doso gidan Maliki na ce, "Hannunka duka biyu a kan sitiyari, yatsu a ware." Ya ce, "Don mi?" Na ce, "Ina son in ga ko ka yanke farce." Na kafe hannun da ido, na ɗora sandata a kan gwiwarsa don kada ƙafa ta yi wani aikin. Muka hau kubri, motar ta yi tsalle, gwaf, na ji wani abu ya yi zuuu a gaba, ido ya tashi ya koma. A mace yake, babu haske. Ga Dije tsaye a ƙofa ta riƙe ƙugu. Ta ɗaga murya ta ce, "Yau har da kakar aka zo rakiya!" Na ce, "Dije, ke aka yi wa, kin yi kyau yau." Ta tofar da yawu.

A tsaye ba ta yi. Na sa ya bi ta ramukan bayan makaranta, ta yi sau ɗaya a babban rami, amma wa ya gani in ban da jakin Alhaji?

Hankalina ya ɗan kwanta, bai kwanta duka ba. Na tambaye shi, tunda ya san motar na tona masa asiri a nan, mi ya hana shi bin hanyar masallaci? Ya ce yashi ya yi yawa can, motar gajeriya ce, cikinta na gogar ƙasa. Ya faɗa yana kallon takalminsa.

Huseina ta fara ɗaure kayanta a ɓoye, na gani. Maza ka ba ni amsa.

Haboba

*

Hasahisa

Haboba, bayan gaisuwa.

Alhamdu lillahi da babu maɓalli. Tsalle ne ke tayar da idon, ke nan akwai wayoyi biyu da rigarsu ta goge, girgiza na haɗa bakinsu. Ɗaya kullum da wuta a cikinta, ɗaya kuma ita ke kai wa injin umarni. Da sun taɓa juna ya tashi, da sun rabu ya koma.

A buɗe gaban motar. A bi damin wayoyin da ya fito daga bayan idon dama, a tafi da shi a hankali, a nemi inda wani ƙarfe ya matse shi ko ya ci robar. A girgiza da itace, ba da hannu ba, don murfin idon yana iya datse yatsa. In an ga wurin, a cire kan batir, a naɗe kowace waya daban da baƙin salatif. A duba kuma wayar da aka ɗaure a jikin ƙarfen motar, in ta yi tsatsa a kankare. Mahadi zai iya. Ku gyara kafin Maliki ya iso, magana ta mutu.

Amma hanyar masallaci ban san ta da yashi haka ba.

Jikanki mai biyayya, Sodangi

*

Hillar Gawo

Zuwa ga Usta, wanda ya san ƙarfe bai san mutane ba.

Gaisuwa. Mun buɗe, mun bi wayoyin, mun samu. Laya ce, Sodangi. Laya cikin jar fata, an ɗaure ta tamau a jikin damin wayoyin da wayar ƙarfe irin ta ɗaurin auduga, an murɗe har ta yanka robar. Na zungure ta da sanda, ido ya tashi ya gaishe ni. Ɗinkin kuwa na sani, zare shuɗi ninki biyu. Mace ɗaya ke wannan ɗinki a hilla.

Mahadi ya kai hannu zai kwance, na buge hannun. Ka ce a gyara magana ta mutu. Ai da mun gyara, da cewa za a yi ya ji mijin na tafe ya shiga taitayinsa, Huseina ta tafi da tabon har kabari. Na ce babu mai taɓa ta sai Maliki ya zo.

Ya iso ran Alhamis, fuska kamar gindin tukunya, ko gidana bai zo gaisuwa ba. Ni na je. Na ce, "Maliki, an ce kai ne sarkin tarakta. Ga mabuɗi, ɗana mini wagga jar banza in ji ko ka iya." Ya ce, "Haboba, ba wasa ya kawo ni ba." Na ce, "Ni ma ban zo da ganga ba. Hau." Mahadi na tsayar da shi can gindin gawo, hannu a kai, kowa na ganinsa. Rabin hilla ta fito. Maliki ya zagayo shi kaɗai a ciki, ya hau kubri, motar ta kashe wa uwarsa ido. Ya koma da baya ya sake hawa. Ta sake. Sau na uku yara har tafi suke.

Sai na buɗe gaba na nuna masa layar, na ce ya zungura. Ya zungura. Ya daɗe yana kallon shuɗin zaren, irin wanda ke wuyan rigar da ke jikinsa. Ya ce, "Inna?" Dije ta ce, "To mi? Ranar karama na ɗaura. Mota mai ido a waje ba a tsare ta daga idon mutane? A bayan idon ya kamata ta zauna, fakin da ya rubuta ta ma haka ya ce!" Na ce, "Ta kuwa tsare ta, Dije. Ba wanda ya ƙara kallon motar, kowa surukarki yake kallo."

Maliki ya juya ya bar uwarsa a nan. Ya shiga gida, ya tarar da ƙullin kayan Huseina a bayan ƙofa, ya kwance da hannunsa ya jera kwanukan inda suke. Jiya ta aiko mini da kisra da miyar kuɓewa, gishiri ya ji, alamar hannu ya dawo. Dije ba ta ba da haƙuri ba, amma ta daina zuwa wurin niƙa.

An naɗe wayoyin yadda ka ce. Layar tana rataye a madubi da zare.

Haboba

*

Sodangi, a gaggauce, lori zai tashi.

Huseina na ɗakinta lafiya, ta koma tsince dawa a bakin ƙofa. Jiya na taka hanyar masallaci da ƙafata, ban ga yashin da zai hana ko kunkuru wucewa ba. Ban ce wa kowa komai ba, kai ma kada ka ce. Na dai gaya wa Mahadi likita ya ce gwiwata na son iskar la'asar. Kujera biyu ce a motar, ɗaya tawa ce yanzu, kullum. Motar ta rufe idonta. Nawa biyu a buɗe suke.

Ka ƙaro sukari.
Matarka, Ma'u