Lissafin Iskar Fiffike a Kabara

Litinin, 3 ga Yuni, 1957
Tun da na baro karatu a Ingila na dawo gida Kabara saboda shanyewar jikin Baba, sai yau na buɗe akwatin takardu. Malamina ya ba ni zuwa ƙarshen damina in kammala lissafin, in ba haka ba a ba wani gurbina.

Alhamis, 13 ga Yuni
Baba ya tambaye ni me nake ta rubutawa. Na ce iskar da ke bin fiffiken jirgin sama ce, iri biyu: siririya mai manne wa fiffike tana jan jiki, da ta waje mai gudu ba abin da ya riƙe ta. Kaurin ta ciki na karkatar da ta waje, matsin ta waje na sauya kaurin ta ciki. Sai in lissafa wannan, in zuba amsar cikin wancan, in dawo, har su daidaita. Ya ce, "In sun ƙi fa, Isyaku?"

Juma'a, 5 ga Yuli
Sun ƙi.

Asabar, 20 ga Yuli
A gaban fiffike komai lafiya. Can wajen wutsiyarsa, inda siririyar ke ɓallewa daga jiki, lambobin sai su haukace, kowane zagaye ya fi na baya muni. A Ingila akwai injin lissafi da wanda zan tambaya. A nan ni kaɗai ne da fensir. Na juya Baba, na yi masa wanka. Bai fi yaro nauyi ba.

Lahadi, 11 ga Agusta
Na gwada ɗaukar rabin gyaran kawai a kowane zagaye. Lambobin sun ɗan lafa. Bayan la'asar suka sake watsewa. Luba ƙanwata ta same ni na kifa kai. "Yaya, ka ci abinci dai."

Lahadi, 1 ga Satumba
Baba ya daina magana. Ido kawai yake bi na da shi.

Laraba, 18 ga Satumba
Ɗakin Baba na yoyo ta taga. Luba na neman abin da za ta toshe tagar da shi, na miƙa mata takardun lissafin wutsiya. Ai kwafi ne, ina iya sake su. Ban dai duba ba ko kwafin ne.
Yau ya sha kunu sosai a hannuna.